Na'ura a faɗuwa, riba a faifai: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Na daɗe ina gyaran na'urorin gem da sayar da faifansu, kuma sati ba ya wucewa ba a yi mini waɗannan tambayoyin ba, wani a bakin shago, wani ta waya da tsakar dare. Na tara su wuri guda. Daga yau duk wanda ya tambaya, nan zan turo shi ya karanta.

Da gaske ne kamfani yana sayar da na'ura ƙasa da abin da ya kashe wajen ƙera ta?

Da gaske ne. Lokacin da Sony ta fito da PlayStation 3 a 2006, dala 599 ta sa wa babbar. Kamfanin iSuppli ya kwance ta gunduwa-gunduwa, ya lissafa kuɗin kayan cikinta da na haɗawa, ya samu kusan dala 840. Ko uwar kuɗi ba ta fitowa, balle riba. A 2021 kuma, a shari'ar kamfanin gem na Epic da Apple a Amurka, an tambayi wata babbar jami'ar Microsoft, Lori Wright, ko sun taɓa cin riba a sayar da na'urar gem ɗinsu, akwatin Xbox. Ta ce a'a.

To hauka suke yi?

Ruwa ba ya tsami banza. Ka tuna yadda ake karyar da kuɗin dikodar tauraron ɗan'adam, har da faranti da waya a haɗa maka. Ka kai gida, a kafa, wata ya ƙare, allo ya yi duhu sai ka biya. Ba dikodar ce hajar ba, kuɗin watan ne. Haka akwatin gem yake: a sa shi a ɗakinka tukuna, lissafi ya biyo baya har shekara shida ko bakwai.

Mai shago ya ce zai loda mini gem goma sha biyar a asusunsa kan kuɗi kaɗan. In yarda?

Kar ka yarda. Na sa wannan da wuri ne domin ita ta fi ci mini rai. Kwanakin baya wani dattijo ya shigo da ɗansa, yaron rungume da na'ura a cikin jakar makaranta. Muka jona ta a talabijin ɗin shago. Gem goma sha ɗaya a jere, kowanne da ɗan hoton kwaɗo a kusurwarsa, an kulle. Yaron ya danna wannan ya danna wancan, ba wanda ya buɗe. Wanda ya loda musu ya canza lambar sirri, ya sayar wa wani da asusun, wayarsa kuma a kashe. Dattijon ya ce, "Malam, ba abin da za a iya yi?" Na ce masa, "Baba, na'urarku lafiyarta ƙalau, amma gem ɗin nan dama can ba naku ba ne." Ban karɓi ko sisi a hannunsu ba, domin babu abin da zan gyara.

Ku riƙa buɗe asusu da imel ɗinku, ku rubuta lambar sirrin a takarda ku adana. Sau nawa zan faɗa? Gem na dijital a jikin asusu yake, ba a jikin na'ura ba. Mai asusu shi ne mai kaya.

Nawa masu ƙera na'urar suke samu a gem guda?

Abin da aka saba shi ne kashi 30 cikin 100 na duk abin da aka saya a shagonsu na intanet. Gem na dala 70, dala 21 tasu ce, ko da wani kamfani ne can ya sha wahalar ƙirƙirarsa. In nasu ne na gida, duka nasu ne. Ka ƙara da kuɗin wata na buga wasa da mutane ta intanet, da 'yan tarkacen da ake saya a cikin wasan, riga, bindiga, ɗan wasan ƙwallo, kowanne sai an cire musu la'adarsu. Ko a faifai ma suna da kaso, sai dai a can akwai kuɗin bugawa, da dako, da rabon dillali da mai shago.

Kashi 30 bai yi yawa ba?

Ya yi. Ba kai kaɗai ka gani ba. Epic ta buɗe nata shagon a 2018 tana karɓar kashi 12. A Agustan 2020 ta sa hanyar biyan kuɗi tata a cikin wasanta na Fortnite don kauce wa la'adar kashi 30 da Apple ke karɓa, Apple ta cire wasan daga shagonta a ranar, aka tafi kotu. Daga farkon 2021 Apple ta rage wa ƙananan masu manhaja, waɗanda cinikinsu bai wuce dala miliyan 1 a shekara ba, zuwa kashi 15.

Kenan iPhone ma a faɗuwa ake sayar da ita?

A'a, kar ka haɗa su. Apple tana ci a waya, tana ci a abin da ke cikin waya. A shekarar kuɗinta ta 2023 ta yi cinikin kusan dala biliyan 383, fiye da rabi daga iPhone. Ɓangaren hidimomi, wato shagon manhaja, da ma'ajiyar iCloud, da waƙoƙi da sauransu, ya kawo kusan biliyan 85. Abin lura shi ne ribar: a kayan hannu, cikin kowace dala 100 kusan 36 ce ke saura bayan kuɗin ƙerawa, a hidimomi kuwa kusan 70. Waya sai an sayi gilashi da batir, an biya masana'anta, an yi jigila, wata ma ta yi kwantai. Kwafin manhaja na miliyan ɗaya ba ya cin komai fiye da na farko. A shari'ar Google a Amurka ma ta fito fili cewa Google ta biya Apple dala biliyan 20 a 2022 kawai don ta zama ita ce injin bincike na farko a Safari, manhajar Apple ta shiga intanet.

Wacce zan saya, PlayStation 5 (PS5) mai cin faifai ko marar faifai?

Wannan ita ce tambayar da ba na iya amsawa a tsaye, kuma duk wanda ya amsa maka ita da kalma ɗaya, ko dai bai sani ba, ko akwai wadda yake son ya rabu da ita a shagonsa.

Fara da dalilin da ya sa akwai iri biyu. Da suka fito a Nuwamban 2020, mai faifai dala 499 ce, marar faifai 399. A ganina wannan tazarar ta dala 100 ba kuɗin ramin faifai kaɗai ba ce. Wanda ya ɗauki marar faifai ya rufe wa kansa kowace kasuwa sai guda ɗaya, shagon Sony. Ba aro, ba musaya, ba na hannu. Faifai kuwa kana iya saye, ka gama, ka sayar, wancan ma ya sayar, ya zaga hannu biyar kamfani bai ƙara ganin ko kwabo ba bayan cinikin farko. Shi ya sa ake lallashinka da rangwame a ranar farko.

To amma ba kowa faifai ya dace da shi ba. In kai mai wasan ƙwallo ne kawai, gem ɗaya kake saye a shekara ka yi ta bugawa har sabo ya fito, faifan da za ka sayar a ƙarshen shekara ba zai yi wata daraja ba, domin wasan ƙwallon bara kowa gudunsa yake yi. Kai marar faifai ba za ta cuce ka sosai ba. Haka wanda yake da haƙurin jiran lokutan rangwame, domin akan karya kuɗin tsofaffin gem a shagon intanet har ya yi ƙasa da na faifan hannu a kasuwa. Ba kullum ba, kuma ba kowane gem ba, amma yana faruwa.

Sai maganar data, wadda a nan ita ce uwar lissafi. Manyan gem na yanzu da yawa sun haura gigabait 50, wasu sun kai 100. Ka tambayi kanka nawa za ka kashe kafin ka sauke guda, kwana nawa za a yi, sau nawa za a ɗauke wuta a tsakani. In akwai intanet marar iyaka a gidanku ko wurin aikinka, shi ke nan. In da datar waya za ka yi, rangwamen nan da aka yi maka zai iya narkewa kafin gem na uku. Sai dai kar in yaudare ka: faifai ma bai raba ka da data gaba ɗaya ba. Yawancinsu suna neman sabuntawa ranar farko, wasu kuma rabin wasan ne kawai a faifan, wasu ba sa tashi sam sai da intanet. Ka tambaya a kan gem ɗin da kake so kafin ka biya.

Akwai kuma wahalar biya. Yawancin mutanenmu da adireshin Amurka ko Ingila suke buɗe asusu, su sayi katin kuɗi a hannun dillalai a farashin dala na ranar, da ribar dillali a sama. Faifai kuwa da naira za ka yi ciniki, ka taya a rage maka. Amma a kula, faifan kowace ƙasa yana tashi a kowace PS5 mai faifai, sai dai ƙarin abubuwan da ake saya daga baya sai ƙasar asusun ta dace da ta faifan. Mutane da yawa sun yi asara a nan.

Ƙarshe, ka duba wane samfuri ne a gabanka. Siraran da suka fito daga ƙarshen 2023 ana iya saya musu abin karanta faifai daban a maƙala, ko da yake sai an jona intanet sau ɗaya kafin ya fara aiki, kuma in ka haɗa kuɗin biyun da wuya ka ga sauƙi. Marar faifai ta asali, ta 2020, ba a maƙala mata komai, yadda ka saye ta haka za ta tsufa.

In ka matsa sai na zaɓa maka: mai abokan musaya, mai sayen gem fiye da uku a shekara, mai lallaɓa data, ya ɗauki mai faifai. Gidan gem na haya ma haka. Wanda ba ya cikin waɗannan, ya zauna da biro da takarda ya yi lissafin shekara biyu, ba na ranar saye ba. In ka riga ka sayi marar faifai, kwantar da hankalinka, ba ka yi asara ba, ka dai riƙe asusunka da kyau ka riƙa jiran rangwame.

In na sayi na'urar na ƙi sayen gem, na cuce su kenan?

In tana kan faɗuwa, ƙwarai kuwa. A 2010 rundunar sojan saman Amurka ta haɗa PlayStation 3 guda 1,760 ta mayar da su babbar kwamfuta ta bincike, domin ta ga arahar da ba za ta samu a wani wuri ba. A shekarar ce kuma Sony ta cire damar sa wa na'urar wata manhajar sarrafawa daban, wadda ke mayar da ita kamar kwamfuta, ta ce saboda tsaro. Amma faɗuwar ba ta dawwama, kuɗin kayan ciki yakan sauka da lokaci. A Agustan 2021 Sony ta sanar cewa PS5 mai faifai ta daina jawo mata asara.

Littafi ko gem da na saya ta intanet, ba nawa ba ne har abada?

Izinin amfani ka saya, ba kayan ba. Yana rubuce a dogon sharaɗin nan da kowa ke danna amincewa ba tare da ya karanta ba. A Yulin 2009 Amazon ta goge wasu littattafan George Orwell daga Kindle, na'urarta ta karanta littafi, na mutanen da suka biya, saboda wanda ya sa su a shagon ba shi da haƙƙin sayarwa. Ta mayar da kuɗi, shugabanta na lokacin, Jeff Bezos, ya ba da haƙuri. A 2019 Microsoft ta rufe shagon littattafanta, littattafan suka daina buɗuwa, ita ma ta mayar da kuɗi. Kar wannan ya hana ka barci, ba abu ba ne da ke faruwa kowace rana, kuma manyan shagunan sukan bar mutum ya sake sauke abin da ya saya ko bayan sun daina sayarwa. Ka dai san matsayinka.

Kindle fa, tunda ka ambace ta?

Hanya ɗaya ce. Bezos da bakinsa ya faɗa a 2012 cewa a kan kuɗin ƙerawa suke sayar da ita, ribar sai mutum ya fara sayen littattafai.

Wayoyinmu na Tecno da Infinix fa?

Transsion, mai waɗannan da itel, a jikin wayar take cin yawancin ribarta, kaɗan-kaɗan a kan miliyoyin wayoyi. Amma ka lura da manhajojin da kake tararwa a ciki tun a kwali, irin su Boomplay, da tallan da ke leƙowa. Xiaomi ma ta yi alkawari a 2018 cewa ribarta a kayan hannu ba za ta wuce kashi 5 ba, sauran a talla da hidimomin intanet take nemansa.

Na ga firinta mai araha sosai, in ɗauka?

Tambayi kuɗin tawadarta tukuna, da shafi nawa take bugawa kafin ta ƙare, da ko tana karɓar wadda ba ta kamfaninta ba. In mai shagon ya fara kame-kame, ajiye masa abarsa. Mai tankin tawada ta fi tsada a ranar saye, amma in kana buga takardu kullum, ita za ka nema.