Waiwaye: wai masu nakasa nawa ne a ƙasar ga, kuma wa ya ƙirga su?

Duk sadda anka taso da maganar masu buƙata ta musamman sai ka ji wannan ya ce miliyan kaza, wancan ya ce a'a sun fi haka, kowa da nashi lissafi. Rikicin ya daɗe, kuma tushenshi yadda ake yin tambayar ne.

Ƙidayar 1991 ta ce ba su kai ko kashi 1 cikin 100 ba. Ta 2006 ta kawo mutum miliyan 3.2 da 'yan kai, wajen kashi 2.3 ke nan. Sai ga Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya a 2011 sun ce duniya baki ɗaya kusan kashi 15 ne. To yawancin manyan alƙaluman da kuke ji a taruka daga nan anka samo su, an ɗauki kashi 15 an buga da yawan 'yan Najeriya, ba wai wani ya bi gida gida ba.

Kuma in kun duba ba abin mamaki ba ne. Malamin ƙidaya ya tsaya zaure ya ce "Alhaji akwai nakasasshe gidan ga?" in akwai makaho ko gurgu za a faɗi, amma Inna da yanar ido ta rufe ma gani, ko yaron da sai an ɗaga murya yake ji, ko yarinya mai farfaɗiya da ake ɓoyo don kar ta rasa mijin aure, wallahi ba mai kawo su, sai dai a ce mai lafiya lau muke alhamdulillahi.

Shi ya sa masana ƙididdiga ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya sunka kafa wani kwamiti a 2001, wanda anka fi sani da sunan birnin Washintan, sunka fito da tambayoyi 6 da ba su ambaci nakasa ba sam: kana shan wahala wurin gani, ji, tafiya, tuna abu, wanka da sa tufa, ko fahimtar juna da mutane? Amsa kuma hawa huɗu ce, daga babu wahala har ba ni iyawa ko kaɗan. Da anka gwada su a binciken lafiyar al'ummar Najeriya na 2018, kusan kashi 7 na masu shekara 5 zuwa sama sunka nuna suna da 'yar wahala, kashi 1 kuma mai tsanani.

Sabon yayi yanzu shi ne a daina jiran ƙidaya, a haɗa bayanan da gwamnati ta riga ta tara. Danmak tun 1968 kowa na da lamba ɗaya da ke bin shi asibiti, makaranta da wurin biyan haraji. Ostareliya ma ta bi hanyar, hukumar ƙididdigarsu na haɗa bayanan ƙidaya, magani, haraji da tallafi, a cire sunaye sannan a ba masu bincike. Amfanin a fili yake, za ka iya ganin yaron da ya shiga makarantar kurame ko ya gama, ko ya samu aiki, ba tare da an sake ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba.

Mu nan Sakkwato ba rajista munka rasa ba. Akwai jerin masu karɓar alawus na wata wata da anka fara zamanin Wamakko a kan naira 6,500, ga fayilolin asibitin yara masu cutar noma (ciwon da ke cin naman baki da fuska) da ke aiki tun 1999, ga na asibitin kutare na Amanawa, ga ɗaliban makarantar masu buƙata ta musamman ta A.A. Raji, ga littafin Hukumar Zakka da Waƙafi, kai hatta sarkin makafi da sarkin guragu sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya. Sai dai kowa na riƙe da nashi, wasu ma a takarda, ga suna Abubakar Muhammad sai ka samu hamsin a gunduma guda, ranar haihuwa kuma 1 ga Janairu. In ba lambar NIN a jiki, ta ya kwamfuta za ta gane wane ne wane?

Ni inda nake da ja shi ne ko an haɗa su duka, wanda ya taɓa shiga ofis kaɗai za a gani. Mutumin ƙauyen Gudu ko Sabon Birni da bai taɓa yankar katin asibiti ba, ba shi ciki. Dubi rajistar INEC ta zaɓen 2023, cikin masu zaɓe sama da miliyan 93, mutum 85,362 kacal anka rubuta a matsayin masu nakasa. Don haka haɗa bayanai ba ya maye gurbin ƙidaya, da ita ake auna shi a ga su wa anka tsallake.

Dokoki kam an yi. Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna ma masu nakasa wariya a Janairun 2019, hukumarsu ta ƙasa ta biyo baya a 2020, dokar kare bayanan jama'a ta zo a 2023, wadda dole a kiyaye ta kafin a taɓa fayil ɗin asibitin mutum. Ƙidayar da anka shirya yi a 2023 ita ce anka ɗage a watan Afrilun shekarar, shi ya sa har yau in ana neman alƙaluman masu nakasa na kowace ƙaramar hukuma cikin 23 ɗin da muke da su, sai an koma ga na 2006.