Me Bature Yake Nufi da "Selling Point"?

Ka shiga Kantin Kwari ka tsaya gaban mai atamfa. Da wuya ya tsaya yi maka dogon bayani. Zai ware turmi ɗaya, ya murza gefensa da yatsa, ya ce, "Alhaji, wannan ba ta zuba." Shi ke nan, ya gama tallarsa. Wannan siffa guda da ya ɗora cinikinsa a kanta, ita ce masu jin Turanci suke kira "selling point", wato abin da ke sayar da kaya.

Kaya na iya tara kyawawan siffofi goma, amma ɗaya ce ke sa hannu ya shiga aljihu. Kuma mai saye ne yake tantance ta, ba mai kaya ba. Mutumin da ke unguwar da wuta ke wuyar zuwa, batirin wayar da zai kwana biyu ya fi masa kyamara mai kyau. Shi ya sa har yau ake begen Nokia 3310 da ta fito a shekarar 2000: ta faɗi ƙasa ka ɗauka ka kaɗe ƙura, caji kuwa sai ka manta yaushe ka yi.

A Amurka, wani gwanin talla mai suna Rosser Reeves, na kamfanin Ted Bates, ya ƙara wa maganar kaifi tun shekarun 1940. Ra'ayinsa shi ne kowace talla ta riƙe alkawari ɗaya tak wanda abokan gasa ba sa yi. Daga nan aka samu taƙaicen nan na USP ("unique selling proposition", wato alkawarin da kayanka kaɗai ke yi wa mai saye) da 'yan kasuwar intanet ke yawan ambata. Misalinsa da ya fi shahara shi ne cakulan M&M's, da aka tallata da cewa a baki yake narkewa, ba a hannu ba. Ni dai wannan dabara tana burge ni, don tana tilasta wa mutum ya san kayansa ciki da waje.

Kalmar ta wuce kasuwa. Ana faɗinta a kan gida mai rijiyar burtsatse, ko ɗan takarar da gaskiyarsa ce jarinsa. Idan kuwa gwanintar mutum ake nufi, sun fi cewa "strong suit", wadda ta samo asali daga wasan karta, wato nau'in katin da ya fi ƙarfi a hannun ɗan wasa.