An ce dam ɗin unguwarku "mai babban haɗari" ne? Ga abin da dokar Amurka take nufi

Ƙanwata da ke aure a wajen birnin Atlanta ta turo mini saƙon murya da asuba, muryarta na rawa. Wai a zauren WhatsApp na unguwarsu wani ya saka hoton takardar gwamnati da ke cewa dam ɗin da ke bayan gidajensu "mai babban haɗari" ne. Nan da nan labari ya koma cewa hukuma ta yanke wa dam ɗin hukunci, ruwan sama na gaba zai tafi da shi. "Yaya, mu tashi ne?" Ban ga laifinta ba. Tun abin da dam ɗin Alau ya yi wa Maiduguri a Satumban 2024, duk ɗanmu da ya ji kalmar dam da haɗari a jimla ɗaya sai gabansa ya faɗi.

Na san dam ɗin, na taka kansa lokacin da na kai musu ziyara. Tudun ƙasa ne mai ciyawa, an yi shi shekaru aru-aru don mutane su samu tafkin kamun kifi da yawo a kwale-kwale, kuma ƙungiyar masu gidajen bakin tafkin ce ta mallake shi, ba gwamnati ba. Irinsa sun cika Amurka. Kundin madatsun ruwa na ƙasa, wanda sashen injiniyoyin sojan Amurka ke riƙe da shi, yana ɗauke da sama da dam 90,000, kusan biyu bisa uku na masu zaman kansu ne, kuma shaƙatawa ce dalilin da ya fi yawa wajen gina su.

To, abin da ya rikita mutane shi ne maki biyu ake ba kowane dam, kuma ba ruwan ɗaya da ɗaya.

Na farko, wanda ya tayar da hankalin ƙanwata, ba ya duba lafiyar dam ɗin ko kaɗan. Tambaya ɗaya yake amsawa: idan aka wayi gari ya ɓalle, wa ruwan zai tarar a gabansa? Idan ana kyautata zaton rai zai salwanta, ko da mutum ɗaya ne, sai a rubuta "babban haɗari". Idan asarar dukiya ce, hanya ko gada ko bututun ruwan sha, "matsakaici". Idan gonar mai shi kawai zai wanke, "ƙarami". Saboda haka dam sabo fil, wanda aka gama jiya da injiniyoyin da suka fi kowa ƙwarewa, in dai akwai gida a ƙasansa, mai babban haɗari ne a takarda. Wani kuma da saiwoyin bishiyoyi suka ratsa, ɓeraye suka yi wa ramuka, ruwa na tsatsa ta gindinsa, yana iya zama "ƙaramin haɗari" don kawai daji ne a gabansa.

Maki na biyu shi ne na lafiyar ginin, kuma shi ya kamata mutum ya nema: gamsasshe, ba laifi, mara kyau, ko wanda ba a yarda da shi ba sam, wato yana bukatar gyaran gaggawa. Akwai kuma waɗanda ba a ba su maki ba. Ko a nan akwai ɗan tarko. "Mara kyau" ba lallai yana nufin an ga tsagewa ba. Wani lokaci ana ba tsohon dam wannan makin ne saboda babu isassun bayanai, zanen ginin ya ɓata, ba wanda ya san irin ƙasar da aka zuba a cikinsa, sai an sake bincike. Wurin da ya dace mutum ya rasa barci shi ne inda makin biyu suka haɗu: babban haɗari, kuma mara kyau ko wanda ba a yarda da shi ba sam. Kamfanin dillancin labarai na AP ya ƙirga irin waɗannan a 2019, ya samu 1,688.

Jihar Jojiya, inda ƙanwata take, ta ma sauƙaƙa rabon zuwa aji biyu. Aji na ɗaya, wanda ɓallewarsa za ta iya cin rai. Aji na biyu, wanda ba haka ba. Dokar tana hawa kan dam da tsayinsa ya kai ƙafa 25, ko wanda ke riƙe da ruwa kimanin kubik mita 123,000. Ƙananan kududdufan gona ba su ciki.

Dokar ba daga sama ta faɗo ba. Da tsakar daren 6 ga Nuwamba 1977, dam ɗin Kelly Barnes ya ɓalle a saman wata kwalejin addinin Kirista da ke Toccoa Falls a Jojiya, mutum 39 suka mutu, da yawansu yara. Dam ne na ƙasa, tsoho, an daina samar da lantarki da shi tun 1957, ya koma wurin shaƙatawa, bishiyoyi sun tsiro a jikinsa. Shugaba Jimmy Carter, wanda shi ma ɗan Jojiya ne, ya sa injiniyoyin soja suka bi dam kusan 9,000 a faɗin ƙasar, aka samu kusan ɗaya bisa uku ba su da aminci. A 1978 jihar ta kafa dokarta.

Yanzu ga sashen da ya fi jawo rigima, kuma ni ma yana ci mini tuwo a ƙwarya. Hukuma tana komawa kan dam ɗin aji na biyu duk bayan shekara biyar ta duba ko an yi sabon gini a hanyar ruwansa. Ka ɗauka dattijo ne ya gaji tafki daga mahaifinsa, shekara 50 ba kowa a ƙasansa sai shanu. Wani ya zo ya sayi fili can gangare, ƙaramar hukuma ta ba shi izini, ya gina gida. Ba a taɓa dam ɗin ba, ko cokalin ƙasa bai ragu a jikinsa ba. Amma wasiƙa za ta iso wa dattijo cewa ya koma aji na ɗaya. Daga nan sai neman lasisi, ɗaukar injiniya da kuɗinsa, faɗaɗa mafitar rarar ruwa don ta iya ɗaukar ruwan sama mafi tsanani, sare bishiyoyin jikin tudun, rubuta tsarin kwashe mutane idan ta ɓaci, da dubawa a kai a kai. Aikin mafitar kaɗai yana iya cin kuɗin da ya ninka darajar filin.

Wanda ya gina gidan fa? Ba a tambayarsa ko sisi. Wani ya ci wake, cikin wani ke kumbura. Na fahimci hujjar masu doka: wanda ya tare ruwa shi ya ajiye abin da zai iya kisa, kuma yaron da ke barci a gidan gangare bai san wa ya riga wa zuwa ba. Hujja ce mai ƙarfi. Sai dai ofishin da ya sa hannu a izinin gini a bakin hanyar ambaliya ya fita tsaf, ba a ɗora masa ko sisi na gyara ba, wannan kuwa ban ga adalcinsa ba.

Jita-jita ta biyu a zauren su ƙanwata ita ce wai gwamnati za ta karɓe dam ɗin ta gyara. Babu wannan. Gyara na mai shi ne, kuma idan ƙungiyar masu gidaje ce, kowane gida zai ga rabonsa a takardar kuɗin ƙungiya. Abin da hukuma ke da ikon yi shi ne ta ba da umarnin gyara, ta ci tara idan aka yi kunnen ƙashi, ta sa a rage ruwan, ko a yashe tafkin gaba ɗaya a yanke tudun. Wannan na ƙarshe shi masu gidajen bakin ruwa suka fi tsoro, domin gidan da aka saya don kallon tafki sai ya koma kallon laka. Akwai tallafin tarayya da aka kafa a 2016 don gyaran dam masu babban haɗari, amma ta hannun jiha yake bi, sai an haɗa da kuɗin gida, kuma masu nema sun fi kuɗin yawa nesa ba kusa ba.

Kada kuma wani ya ɗauka "ƙaramin haɗari" takardar kwanciyar hankali ce. A ganina ma wani lokaci ita ce mafi hatsari, don irin waɗannan ne masu duba ba sa yawan leƙawa. Dam ɗin Ka Loko a tsibirin Kauai na Hawayi, tsohon tudun ƙasa na mai zaman kansa, a ƙaramin aji yake lokacin da ya ɓalle ranar 14 ga Maris 2006 ya kashe mutum 7. Bincike ya nuna an binne mafitar rarar ruwansa da ƙasa, kuma daga baya kotu ta yanke wa mai shi ɗaurin wata 7. Shi ma makin lafiya ba wahayi ba ne. Dam ɗin Edenville a jihar Mishigan "ba laifi" masu duba na jiha suka ce da shi a 2018. A Mayun 2020 ya rushe, aka kwashe mutum kusan 10,000, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Abin da na ce wa ƙanwata shi ne ta bar zauren, ta buɗe kundin ƙasa a intanet, kyauta ne, ta rubuta sunan tafkin. Ta duba makin lafiya, ranar da aka yi dubawar ƙarshe, da ko akwai tsarin gaggawa. Sannan ta nemi rahoton injiniya daga shugabannin ƙungiyarsu, tunda da kuɗinta aka biya shi. Na kuma ce idan ta fita tattaki ta riƙa kallon bayan tudun, ɓangaren da ba ruwa: ɗan danshi abu ne da aka saba gani a dam na ƙasa, amma idan ta ga ruwa mai launin laka yana ɓulɓulowa, ko wani wuri ya lotsa, ta kira lambar gaggawa ta 911, kada ta tsaya ɗaukar hoto.

Da yamma ta turo abin da ta samu: babban haɗari, makin lafiya gamsasshe, an duba shi bara. Gidansu ma ashe a saman tafkin yake, ba a gangare ba.