Akawun da ba a ganinsa: matakan aiki da kaɗaici a adabin Rasha

Duk wanda ya karanta labaran Rasha na ƙarni na 19 zai riƙa cin karo da wani mutum guda: ƙaramin akawu mai kwafar takardu a St. Petersburg, wanda ko gaisuwarsa ba a amsawa. Wannan mutum doka ce ta haife shi. A 1722 Sarki Peter na Ɗaya ya jera ayyukan soja da na farar hula da na fada a matakai 14, na 14 shi ne na ƙasa. Matakin mutum ne ke yanke kakin da zai sa, da lafazin girmamawar da za a kira shi da shi, har da yawan dawakan da za a ba shi a zangon hanya. Ma'aikacin da ya kai mataki na 8 ya shiga sahun masu daraja ta gado, shi da 'ya'yansa. Sai aka ƙuntata ƙofar: daga 1809 sai da takardar jami'a ko jarrabawa. Haka talakawan akawuna suka yi ta tsufa a mataki na 9, suna hangen na 8 kamar mai hangen Dala.

Pushkin ne ya fara ba irin wannan mutum wurin zama a labari, a 1831, da Samson Vyrin, mai kula da zango a mataki na 14, wanda wani hafsan soja ya tafi da 'yarsa. Ya bi sawu har birni, aka cusa masa kuɗi aka kore shi, giya ta ƙarasa shi.

Amma Gogol ne ya sa abin ya zauna, da labarinsa Shinel na 1842, wato babbar rigar sanyi. Akaky Akakievich yana mataki na 9, albashinsa rubul 400 a shekara, rigarsa ta mutu har tela ya ce ba ta ɗinkuwa. Sabuwa za ta ci rubul 80. Sai ya daina shan shayin dare, ya daina kunna kyandir, yana taka ƙasa a hankali don kada takalmi ya cinye. Ranar da ya sa rigar ne abokan aikinsa suka fara ganinsa a matsayin mutum, har suka gayyace shi liyafa. A daren aka yi masa fashinta. Ya kai kuka wurin wani babban mutum, shi kuwa ya daka masa tsawa don ya burge wani baƙonsa. Zazzaɓi ya kashe shi, ofis bai ma san ya mutu ba sai bayan kwanaki.

Dostoevsky ya ɗauki akawun nan ya ba shi baki. A littafinsa na farko, na 1846, wani akawu mai suna Makar Devushkin ya karanta labarin Gogol ya fusata, don yana ganin tsiraicinsa aka tona. Akwai inda maɓallin rigarsa ya tsinke ya gangara gaban shugaban ma'aikata, shugaban ya tausaya ya ba shi rubul 100 ya kuma yi masa musabaha. Makar ya rantse musabahar ta fi masa kuɗin. A ganina nan zancen ya juya: yunwa tana nan, amma abin da ke cin mutumin shi ne ido, yadda ake kallonsa da yadda ba a kallonsa.

Zuwa 1864, shekara uku bayan an 'yanta manoman da ke ɗaure da gonakin iyayen gidansu, akawun Dostoevsky ya zama wani abu mai ban tsoro. A littafin da ya fitar a wannan shekarar, mai ba da labarin ya ma kai mataki na 8, ya gaji rubul 6,000 ya ajiye aiki. Duk da haka yana riƙe da wani hafsa da ya taɓa kama kafaɗarsa ya kawar da shi daga hanya ba tare da ya dube shi ba. Shekaru ya yi yana shiri, har da cin bashi ya sauya wuyan rigarsa, don kawai su yi karo a titin Nevsky bai kauce ba. Matsayi ya samu, warewar ta koma cikin ƙirji, kuma mai karatu ba ya iya tausaya masa yadda ya tausaya wa Akaky.

Chekhov, jikan bawan gona da ya fanshi kansa da iyalinsa, dariya ya mai da abin. A wani gajeren labarinsa na 1883 akawu ya yi atishawa a ƙeyar janar a gidan wasan kwaikwayo. Janar ya ce ba komai, akawu ya yi ta zuwa ba da haƙuri har ya ishe shi ya kore shi da tsawa, ya koma gida ya mutu. Babu wanda ya zalunce shi tun farko, tsoron matsayi ne ya riga ya yi masa gida. Tsarin matakan kansa ya ƙara shekara 34 bayan labarin, sai da 'yan Bolshevik, masu juyin juya halin da suka karɓi mulki, suka soke shi a ƙarshen 1917.