Namiji a jirgin mata, mace a jirgin maza: abin da dokar tseren kwale-kwale ta ce

Ranar 3 ga watan Agustan 2024, a gasar Olamfik ta birnin Faris, matan Birtaniya suka zo na uku a tseren babban kwale-kwale mai ɗaukar masu tuƙi takwas. Da aka zo rataya lambar tagulla, mutum tara aka rataya wa, kuma na taran namiji ne, sunansa Henry Fieldman. A wannan rana dai mazan ƙasar Holan suka zo na biyu a nasu tseren, su kuma ta tararsu mace ce, Dieuwke Fetter. Da a gasar Riyo ta 2016 ne, da jiragen nan biyu ko layin tashi ba za a bari su hau ba.

Hoton matan Birtaniyan ya iso har wata majalisa a Samaru, ana miƙa wayar hannu zuwa hannu bayan la'asar. Wani dattijo ya gyara tabarau ya ƙura ido, ya ce wa ɗalibin da ya kawo hoton, “Kai yaro, wannan ɗan tsurut ɗin me ya kai shi cikin mata? Mai horar da su ne?” Ɗalibin ya ce, “A'a Baba, da shi aka yi tseren, a cikin jirgin yake.” Dattijon ya mayar masa da wayarsa ya ce, “To ai an yi maguɗi ke nan.” Ba a yi ba, amma tambayar Baba tana kan hanya, domin hukumomin wasan su kansu sun daɗe suna kallon abin kamar yadda ya kalle shi, kuma har yau akwai inda dokar take tare da shi.

Mutumin nan na tara shi ne jagoran jirgi, 'yan wasan suna ce masa koks. Ba ya riƙe filafili ko sau ɗaya. Masu tuƙi takwas ɗin suna zaune ne a jere sun juya wa inda za su baya, ba mai ganin gabansa. Jagora kaɗai ke fuskantar gaba. Yana zaune a wani ɗan matsattsen gurbi a ƙarshen jirgin, hannayensa riƙe da igiyoyi biyu da ke juya wani ɗan faifai a ƙarƙashin ruwa wanda bai kai tafin hannu ba. Da wannan ɗan abu yake sarrafa jirgin da tsawonsa ya kai wajen mita 18. A goshinsa akwai makirfo ɗaure, muryarsa na fita ta 'yan lasifikoki da aka jera a ƙarƙashin kujeru, a gabansa kuma akwai wata 'yar na'ura da ke nuna masa bugu nawa ake yi a minti ɗaya. Shi ke cewa a ƙara, shi ke cewa a sassauta, shi ke gaya musu ina abokan hamayya suke. Tseren mita 2,000 ne, manyan jirage kan gama shi cikin minti shida ko ƙasa da haka, kuma a waɗannan mintuna babu mai horarwa da aka yarda ya yi magana da su ta wata na'ura daga gaɓa. Jagoran ne idonsu, shi ne kuma mai tunani a madadinsu lokacin da numfashi ya ƙare musu.

Tunda ba ya tuƙi, jikinsa kaya ne kawai da sauran ke ja. Kowa ya san dalilin da ya sa masu dawakin sukuwa ke ɗora yara marasa nauyi, to haka masu jirage suka yi tun farko. A Olamfik ta 1900, a Faris ɗin dai, wasu 'yan Holan biyu sun ga jagoransu ya yi musu nauyi, suka sauke shi kafin tseren ƙarshe suka ɗauko wani ƙaramin yaro Bafaranshe suka zaunar, kuma suka yi nasara. Akwai hoton yaron tsaye a tsakaninsu, amma har yau ba a tabbatar da sunansa ba. Irin wannan dabara ce ta sa daga baya aka kafa mafi ƙarancin nauyin da jagora zai kasance, don kada a riƙa farautar ƙananan yara ko a sa manya su yi ta horon kansu da yunwa.

Mata sun fara shiga tseren kwale-kwale na Olamfik a 1976, a Montiriyal ta Kanada. Daga nan har zuwa 2016 dokar hukumar wasan ta duniya, FISA, a fili take: jagora ɗan jirgi ne kamar kowa, saboda haka jirgin maza sai namiji, jirgin mata sai mace. Nauyin ma an raba shi, kilo 55 ga na maza, kilo 50 ga na mata.

A watan Fabrairun 2017 hukumar ta yi babban taro na musamman a Tokyo, ta soke wannan rabon. Yanzu kowane jirgi, na maza ko na mata, yana iya ɗaukar jagora namiji ko mace. Aka haɗe nauyin wuri guda, kilo 55 ga kowa, sanye da kayan tsere. Wanda bai kai ba sai a cike masa da mataccen nauyi, jakar yashi ko dalma, amma kada ya wuce kilo 15, wato wanda bai kai kilo 40 da jikinsa ba babu shi a tseren. Ana hawa sikeli kowace ranar tsere, tsakanin awa biyu da awa ɗaya kafin a tashi, kuma jakar dole a ajiye ta dab da jagoran, ba a kai ta wani sashe na jirgin don gyara masa zama a ruwa ba. Bayan an gama alƙalai na iya cewa a fito da ita su gani. Sauran sharuɗɗa ba su motsa ba: dole jagora ya zama ɗan ƙasar da jirgin ke wakilta, kuma a gasar matasa iyakar shekaru ta hau kansa kamar yadda ta hau kan masu tuƙi.

Wannan gyara bai zo shi kaɗai ba. Kwamitin Olamfik na duniya ya riga ya matsa wa hukumomin wasanni su daidaita yawan maza da mata, kuma a taron na Tokyo ne aka amince a cire wani tseren maza huɗu marasa nauyi a sa na mata huɗu a gurbinsa, aka samu tsere bakwai na maza, bakwai na mata. Hujjar buɗe kujerar jagora kuwa mai sauƙi ce. Abin da ya sa ake raba maza da mata a wasanni shi ne bambancin ƙarfin jiki, to wannan kujera ba ta amfani da ƙarfi, kuma an riga an daidaita nauyi da sikeli. Me ya rage da za a raba? A ganina hukumar ta yi daidai, kuma haɗe nauyin shi ne ƙashin bayan gyaran. Da an bar kilo 50 a jirgin mata, da an buɗe ƙofa a takarda kawai, don samun babban namiji lafiyayye mai kilo 50 sai an tona.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin abin. Niyu Zilan ce ta fara rugawa: a shekarar 2017 ɗin Sam Bosworth ya jagoranci matansu, a 2019 kuma Caleb Shepherd ya kai su ga lashe gasar duniya. A Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, Shepherd ya samu azurfa da matan, Bosworth kuwa ya koma jirgin maza ya samu zinare. Ostareliya ta ɗora mace, Kendall Brodie, a jirgin mazanta, suka samu azurfa a gasar duniya ta 2018. Shi kuma Fieldman na hoton Baba, ya riga ya samu tagulla da mazan Birtaniya a Tokyo kafin ya sake samu da mata a Faris. Kujerun nan ba su da yawa, tun bayan 1992 jirgin mutum takwas ne kaɗai ke da jagora a Olamfik, saboda haka kowace ƙasa kujera biyu take da ita in ta yi sa'a, kuma yanzu tana iya ba gwanayenta biyu ba tare da ta duba wane ne namiji wace ce mace ba.

Akwai abin da ya kamata mai karatu a nan gida ya riƙe, domin na san inda zancen kan nufa in aka ce maza da mata a jirgi ɗaya. Dokar ta halatta ne, ba ta wajabta ba. Ƙasar da ta ga dama ta zuba mata tara a jirginta, babu mai ce mata don me. Romaniya da ta ci zinaren mata a Faris, mace ce ta jagorance su, haka Kanada a Tokyo.

Jami'o'i kuwa kowa da kiɗansa. A Ingila sun riga hukumar duniya da nisa. Tseren nan na shekara-shekara tsakanin jami'o'in Oksfod da Kambirij a kogin Tems na Landan, wanda aka fara tun 1829, ya ga mace ta farko a kujerar jagoran maza a 1981: Sue Brown ta ja ragamar Oksfod, suka yi nasara, ta sake maimaitawa a 1982. A can ne ma ake ganin aikin jagora ƙuru-ƙuru, don hanyar ta kusa kilomita bakwai ce, kogi ne mai lanƙwasa da igiyar ruwa, ba miƙaƙƙen layi ba. Jasper Parish ya jagoranci matan Kambirij suka ci a 2022, a 2023 ya koma jirgin maza. Da ya ga ruwan tsakiyar kogi ya yi tsauri, sai ya bar hanyar da kowa ya saba bi ya kwashe jirginsa zuwa gefe inda ruwan ya lafa, ya wuce gaba, kuma Oksfod ba su sake kamo shi ba.

Amurka ce wurin da zancen Baba ke da rabin gaskiya. Tseren maza na jami'o'i ba ya ƙarƙashin babbar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA. Wata tsohuwar ƙungiya ce mai suna IRA ke shirya babbar gasarsa, kuma a can mace na iya jagorantar maza, suna kuma yi da yawa. Sai dai nauyin ya ɗan fi na duniya, fam 125, kusan kilo 57. Tseren mata kuwa na NCAA ne, ta fara gasarsa a 1997, kuma a can jagora dole mace ce, mafi ƙarancin nauyi fam 110, wajen kilo 50. A tsarin hukumar, da zarar namiji ya shiga ƙungiyar mata ya yi gasa, ƙungiyar ta tashi daga ta mata ta koma gauraye, kuma gauraye ba ta shiga gasar cin kofin mata. Ƙofa ce mai buɗewa ta gefe ɗaya.

Dalilin ba shi da alaƙa da ƙarfi ko nauyi, lissafin gurabe ne. A 1972 Amurka ta yi wata dokar ilimi wadda sashenta na tara ya hana nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. A wasanni wannan ya zama dole jami'a ta nuna tana ba mata dama gwargwadon yadda take ba maza. To ƙwallon Amurka, wannan da ake yi da hular kwano, ƙungiya ɗaya kan kwashi samari fiye da ɗari. Jami'o'i suka shiga neman wasan mata mai ɗaukar jama'a da yawa don sikelin ya daidaita, tseren kwale-kwale kuwa ya dace da buƙatar, shi ya sa ya bunƙasa har a jihohin da ba a san su da shi ba. A wannan lissafi kujerar jagora gurbi ce ta ɗaliba, wani lokaci har da tallafin karatu a jikinta. In aka ba namiji, an rage ɗaya daga cikin abin da aka gina wasan don a samar. A gasar rukuni na ɗaya ta NCAA, wato ta manyan jami'o'i, kowace jami'a na zuwa da jirage uku, biyu na mutum takwas da ɗaya na mutum huɗu, duka da jagora, wato kujera uku ke nan da doka ta killace wa mata.

Ina ganin hujjar tana da ƙafa, ko da yake ba ta rasa wanda take takawa. Yaron da ya ƙware a jagorancin jirgin 'yan mata tun yana sakandare, in ya shiga jami'a rabin kasuwar a rufe take gare shi, ɗaya rabin kuma yana gogayya da mata a kanta. Abin dariyar shi ne wannan yaron da jami'arsa ba za ta iya sa shi a jirgin matanta ba, ƙasarsa na iya sa shi a jirgin mata a gasar duniya a shekarar, doka ba za ta ce uffan ba.

Mu a nan, ruwa bai yi mana ƙaranci ba, ga Galma ga madatsar Kubanni a bayan jami'ar Ahmadu Bello, amma irin wannan tsere ba wasanmu ba ne tukuna. Najeriya ta fara shiga tseren kwale-kwale na Olamfik ne a 2016 da Chierika Ukogu, wadda ta yi tuƙi a jami'ar Stanford ta Amurka, sai Esther Toko a Tokyo, dukansu a jirgin mutum ɗaya wanda ba shi da jagora. Wanda abin zai fi shafa kai tsaye shi ne ɗalibi ko ɗalibar da karatu ya kai waje. Ƙungiyoyin jami'o'i kullum cikin neman jagora suke, kuma da yawa daga masu riƙe kujerar a jami'a suka fara, ba su taɓa shiga jirgi ba kafin nan. In a Ingila ne, mai ƙaramin jiki da murya mai ratsa iska, namiji ko mace, na iya neman kowane jirgi. In a Amurka ne, ɗaliba na da zaɓi biyu, ɗalibi na da ɗaya. Sai kuma a tabbata an iya iyo, domin al'adar wasan ita ce in jirgi ya ci tsere, masu tuƙin su kama jagoransu hannu da ƙafa su wurga shi cikin ruwa.