Tsohuwar 911 ta fara hayaƙi da shan baƙin mai: a sauke injin ko a dakata?

Har yau tsofaffin Marsandi 911 na jigilar hatsi, itace da dabbobi daga kasuwannin ƙauye zuwa birni. Da yawansu injin OM352 ne a ciki, mai silinda shida, lita 5.7, wanda aka fara ƙerawa a 1964. Inji ne mai haƙuri, shi ya sa ake ta matsa masa har sai gyaran ya zama babba. Ga abin da masu mota suka fi tambaya.

Motata na hayaƙi, ringi ne ya cinye?

Ba lalle ba ne ringi, wato zobban da ke jikin fistin, ne suka cinye; a fara duba launin hayaƙin. Baƙi yana nufin gas ya yi wa iska yawa: ko matatar iska ta toshe, ko nozul, wato bakin da ke fesa gas cikin silinda, na ɗiga maimakon fesawa, ko wani ya taɓa famfon injekta don mota ta ƙara ja. Duk wannan ba ya bukatar sauke inji. Mai shuɗi-shuɗi da ƙaurin mai shi ne alamar baƙin mai na ƙonewa, daga ringi ko daga bawul. Fari da sanyin safiya, wanda ke ɗaukewa idan injin ya ɗumama, gas ne da bai ƙone ba. Idan ya ƙi ɗaukewa, ruwan lagireto kuma na raguwa ba tare da yoyo ba, a tuhumi gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da bulok (gangar jikin injin). A zaro sandar awon mai a gani, in ruwa ya shiga za a tarar da man kamar shayi mai madara.

Ta yaya zan gane ringi da silinda sun gaji ba a buɗe ba?

A bar injin ya yi zafi yana sulo, a cire murfin zuba mai, a kuma dubi bututun numfashin injin. Ɗan tururi ba komai ba ne. Amma idan yana furzo hayaƙi fuf-fuf, yana fesa mai, ƙarfin da ya kamata ya tura fistin ne ke sulalewa ƙasa. Haɗa wannan da wahalar tashi da safe da ja da baya a kan tudu. Idan injin na tsallake, bakanike zai sassauta bututun injekta ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka sassauta sautin injin bai canza ba, wannan silindar ce ba ta aiki. Daga nan sai a kai nozul a gwada feshinsa, a auna matsin silindar.

Akwai ƙwanƙwasa daga ƙasan injin, zan iya ƙarasa tafiyar?

A'a. Idan allurar matsin baƙin mai na faɗuwa da zarar injin ya yi zafi, ga kuma ƙwanƙwasa, metal ne ya cinye, wato ƙarafan da karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) ke juyawa a kansu. A kashe, a jawo motar. Ci gaba da tafiya na iya cinye karanshaf ko ya fasa bulok.

Bakanike ya ce sabon ringi kawai za a sa. In yarda?

Nan ne kuɗin mutane ke zubewa, kuma abin na damuna. Silindar da ta daɗe tana aiki ba ta cinyewa daidai: samanta ya fi faɗaɗa, zagayenta kuma ya daina zama daidai. Sa farce a bakinta, za ka ji ɗan tudu inda ringi ke tsayawa. Sabon ringi ba zai rufe irin wannan ramin ba. Mota za ta yi lafiya na ɗan lokaci, sannan hayaƙi ya dawo, an yi asarar gaskit, mai da kuɗin aiki.

Saboda haka ka ce masa, "Maigida, a auna tukuna." A kai bulok wajen masu injin gyaran ƙarfe su auna silinda sama da ƙasa. In cin ya wuce ƙa'ida, a rarake ta a sa fistin mai girma, ko a sa mata silif, wato sabuwar rigar ƙarfe a cikinta. Karanshaf ma a auna shi. Idan aka goge shi zuwa 010 ko 020, wato an rage milimita 0.25 ko 0.50, dole metal ɗin ya zama na wannan lambar. Kada a je kasuwar kayan gyara, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, sayen kaya sai awon na rubuce a takarda. Wajen haɗawa kuma, a ɗaure kusoshin kan injin da sifana mai awo, bi da bi, ba da bututu da ƙarfin yaran gareji ba.

Ba gara in sayi injin Beljiyam ba?

Idan bulok ya tsage ko karanshaf ya wuce guga, e. In ba haka ba, injin da ka ga awonsa da idonka ya fi wanda ba ka san cikinsa ba.

Me ke cinye ringi tun farko?

Ƙura ce kan gaba, balle lokacin hunturu a kan hanyar burji. Robar da ke tsakanin matatar iska da injin in ta tsage ko yaya, yashi na shiga ya yi ta kankare silinda. Sai gurɓataccen gas, da barin baƙin mai ya wuce lokacinsa, da zuba baƙin mai mai kauri don ɓoye ƙara. Bayan gyara, a fara da kaya mara nauyi, a juye mai da filta da wuri, a kuma sake saita bawul.