Makarantun Gwamnati a Unguwannin Abuja: Matsin Karatu da Cuɗanyar Ɗalibai

Makarantun gwamnati a Babban Birnin Tarayya manhaja ɗaya suke bi, ɗalibansu kuma jarrabawa ɗaya suke zaunawa, amma yanayin karatu ya sha bamban daga unguwa zuwa unguwa. An ƙirƙiro yankin a 1976, gwamnatin tarayya ta tare a cikinsa a 1991, kuma yana da ƙananan hukumomi shida: AMAC (ta cikin birnin Abuja), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji.

Hukumar ilimin bai-ɗaya ta Abuja, UBEB, ita ke kula da firamare da ƙaramar sakandare bisa dokar 2004 da ta wajabta karatun shekara tara kyauta. Babbar sakandare tana da hukumarta daban. Albashin malaman makarantun firamare, waɗanda jama'a ke kira makarantun LEA (wato na hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma), yana wuyan ƙananan hukumomi. Shi ya sa a 2025 waɗannan makarantu suka yi fiye da wata uku a rufe saboda yajin aikin malamai kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, alhali makarantun kuɗi suna ta karatu.

Su wa ke cikin aji

Sunan unguwa ba ya nuna ko 'ya'yan wa ke zaune a aji. A Maitama da Asokoro masu gidajen galibi makarantun kuɗi suke kai 'ya'yansu. Kujerun makarantar gwamnati da ke can 'ya'yan direbobi ne da masu gadi da ƙananan ma'aikata ke cika su, tare da yaran da ke shigowa a mota kowace safiya daga Mpape ko Nyanya, wasu har daga Mararaba ta Jihar Nasarawa. Gini mai kyau ne, malamai sun fi wadata, amma ɗalibin ya riga ya gaji a cunkoson hanya kafin a buga ƙararrawa.

Tsadar haya a tsakiyar birni da rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 sun tura jama'a gefe, zuwa Kubwa, Lugbe, Karu, Dutsen Alhaji, Gwagwa da Dei-Dei. A nan ne cuɗanya ta fi yawa. Aji ɗaya kan haɗa Bahaushe, Bafulatani, Bayarabe, ɗan Ibo, ɗan Tibi da ɗan Igala, ga kuma Gbagyi 'yan asalin wurin. Turanci ake koyarwa da shi, amma da an fita tara sai Hausa da buroka su karɓe fili. Lokacin darasin addini ne kawai ajin ke rabuwa biyu, Musulmi gefe, Kirista gefe, sannan a dawo a haɗu. Wannan zaman tare arziki ne da ba a cika lissafa shi ba idan ana auna makarantu.

A ƙauyukan Kwali, Abaji da Kuje kuwa, Gbagyi, Bassa, Gade da Ganagana sun fi rinjaye, sai 'ya'yan Fulani makiyaya. Damuwar can ita ce nisan makaranta, ƙarancin malamai da raguwar zuwa aji da damina.

Matsi iri biyu

Na farko matsin jarrabawa ne. Ɗan aji shida na firamare yana fuskantar jarrabawar shiga kwalejojin tarayya da NECO ke shiryawa, irin su na Kwali da Rubochi da na 'yan mata a Bwari da Abaji, inda ake duba maki tare da kason jihohi. Ɗan babbar sakandare yana neman kiredit biyar har da Turanci a WAEC ko NECO, sannan ga JAMB. Inda iyaye ma'aikatan gwamnati ne, kamar Garki da Wuse da wasu sassan Kubwa, yaro ba ya hutawa: lesin bayan an tashi, lesin ranar Asabar, a gida kuma a tambaye shi na nawa ya zo.

Na biyu matsin rayuwa ne, kuma shi ya fi cutarwa domin ba ya fitowa a takardar sakamako. Yarinya a Gwagwa za ta yi makarantar allo da asuba, ta tafi boko inda ake matsuwa a benci wasu suna zaune a ƙasa, ta dawo ta ɗauki tallar gyaɗa ko ruwan leda, bayan la'asar ta wuce Islamiyya. Aikin gida sai dare, da fitilar wayar mahaifiyarta. Malamin da ajinsa ya cika maƙil ba zai iya duba littafin kowa ba, don haka yaro kan kai ƙaramar sakandare bai iya karanta shafi ɗaya da kansa ba, kuma babu wanda ya lura.

Gwamnatin Abuja tana da makarantar masu hazaƙa a Gwagwalada da wasu sakandaren kimiyya da ake shiga ta hanyar jarrabawa. Gurabensu kaɗan ne, kuma yaran da iyayensu suka iya biyan kuɗin lesin su suka fi samun su.